Tayar Kawu Mamman

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙon Ya riƙe mini harshe, don maganar ta shafi mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ku 'ya'yana kun taso kun tarar Kawu Mamman ba ya amsa gaisuwata. Ranar Sallah in kai ku unguwar Biafra, a nan Abidjan, ya shafa kanku ɗaya bayan ɗaya, ya cika muku hannu da alewa, in ya iso kaina sai ya ɗauke kai kamar an kira shi daga waje. Kun tambaye ni, na ce ku bar zancen. Na san kun tambayi wasu, na kuma san abin da aka faɗa muku: wai uwarku Dije ta samu abin hannu a kasuwar atamfa ta Adjamé, ta sayi mota, kanta ya kumbura, ta mayar wa kawunta kyautarsa a bainar jama'a. Akwai gaskiya a ciki, amma an yanke mata kai da ƙafa. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, ga yadda abin ya kasance.

Shekarar da ciwon Inna ya yi tsanani, ni da babanku muna zaune a unguwar Saint-Michel, ita kuma tana gidan hayar nan na Biafra, a Treichville, inda aka haife mu. Kun san gidan: tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofofi a jere, kowa na jin tarin kowa. Kawu Mamman ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma babba a gidan. Ita ta goye shi a Madawa, can Nijar, ita ta aika aka kawo shi Abidjan yana saurayi. Ranar da likita ya ja ni da wana, Yaya Sani, gefe ya ce mu mayar da ita gida mu ci gaba da kula da ita, mun gane abin da yake nufi. Inna ma ta gane, ko da yake ba ta jin Faransanci. Muna kwantar da ita a ɗakinta ta ce:

"Likita ya ce gida. To nan ba gida ba ne, wurin nema ne. Ku kai ni Madawa in kwanta kusa da uwata."

Ba ta iya zama, balle a yi zancen bas ko jirgi. Sai dai a kwance. Mota ɗaya ce a dangi da za a kwantar da kujerun bayanta a shimfiɗa katifa, ita ce kat-kat ɗina, wadda na saya tsohuwa don kai dilolin atamfa kasuwannin ƙauye. Irin motar nan ce da tayoyinta huɗu duk suke ja a lokaci guda. Yaya Sani ke tuƙa ta. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na zauna a cikinta har na san numfashinta. Injinta lafiya lau, sai dai tayoyin sun cinye, sun yi sumul kamar tafin hannu.

A nan al'adar gidanmu ta shigo. Tun zamanin iyayenmu, in wani zai koma gida ta ƙasa, ba a miƙa masa kuɗi. Kowane magidanci ya kawo abin da tafiyar ke bukata: wannan jarkar mai, wancan batir, wani buhun gari. Ko ka samu zuwa ko ba ka samu ba, abinka ya taka ƙasarmu da sunanka. Kuma abin da aka bayar don hanyar gida ba a barinsa a baya, ba a musanya shi. In ka yi haka, ka ce wa mai shi ba ka son hannunsa a tafiyarka. Da maza suka ga halin tayoyin, suka raba su a tsakaninsu, kowa ya kama gabansa, babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa wace iri zai sayo. Babanku ya kawo ɗaya, Yaya Sani ɗaya, wani maƙwabcinmu mai goro ɗaya, dukansu na gwanjo. Kawu Mamman kuwa sabuwa fil ya kawo, tana ƙamshin roba. Da kansa ya gangaro ta daga bakin titi har tsakar gida, tsoho da rawaninsa, yana haki, ya hana kowa sa masa hannu. Kawu ba mai hali ba ne, agogo da tabarau yake kasawa a tire, kuma kowa a gidan ya san abin da ya hana wa cikinsa kafin ya ɗauko tayar nan. Ya jingine ta a ƙofar Inna don ta hango ta daga kan gado.

"Yaya, ga tawa. Ita za ta kai ki, ni kuma ina kujerar gaba."

Inna ta yi murmushi ta sa masa albarka, matan gida suka yi ta yaba shi.

Washegarin da aka ɗaura tayoyin, ni da Yaya Sani muka haye gada zuwa Adjamé don ɗauko katifa. A miƙaƙƙen titi mota shiru, har Yaya yana bubbuga sitiyari yana yabonta. Muna isa shataletalen Indénié ya karya kan mota, sai na ji wani gurnani daga ƙasa, gurrr, gurrr, kamar injin niƙa a gidan maƙwabta. Ba kunne kaɗai ya ji ba, har tafin ƙafata sai da ya ji. Yana miƙe sitiyari abin ya ɗauke.

"Yaya, ka ji?"

"Kwalta ce. Ruwa ya cinye ta nan wurin."

"Sake zagayawa."

"Dije, a Indénié? Ba ki ganin gbaka a bayanmu?"

"Su yi ta danna ham. Sake zagayawa."

Ya zagaya. Direbobin gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suka leƙo ta taga suna zaginmu da Julanci da Faransanci, har da zagin uwa, ni kuwa ko a jikina, kunnena na ƙarƙashin mota. Gurnanin ya dawo, ya ma fi na farko. Yaya Sani ya miƙa hannu ya kashe rediyo, bai ƙara cewa kwalta ba.

Muka koma Biafra muka tarar an gama ɗaure kaya. Mata sun soya nama, an cika jarkokin ruwa, Kawu ya sa tashi washegari bayan sallar asuba. Na tsuguna gabansa na faɗa masa abin da muka ji.

"Wace mota ce ba ta kuka?" in ji shi. "Mu da muka shigo garin nan a bayan motar shanu, tana kuka tun daga Bobo, ba ga mu ba?"

"Kawu, wannan kukan sabo ne. Ban san shi ba."

"Ke ɗiyar nan, uwarki ba ta da kwanakin da za a ba makanike. A tashi da bismilla."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Amma ni na san hanyar nan, na bi ta. Bayan garin Fada, a Burkina, akwai dajin da za ka yi ta tafiya babu gari, babu ruwa, babu inuwar kirki. Da na rufe ido sai in ga motar tsaye a gefen kwalta, rana tsaka, Inna kwance a ciki tana neman numfashi, mu kuma muna ɗaga wa motocin kaya hannu. Da na buɗe ido sai in ga ƙofar ɗakinta, in tuna ana iya wayar gari a ce ta cika a Biafra saboda ni. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. Kun san halina, in na rasa abin yi taurin kai nake kamawa. Na ɗaure makullin a gefen zanena na ce motar ba ta barin Abidjan sai an san abin da ke damunta.

Makanikena wani Bajule ne, Kone, mai gareji a wani lungu bayan tashar Adjamé. Ba mai yawan magana ba ne, kuma a lokacin na so in shaƙe shi saboda sanyin jikinsa. Ya shiga ya zagaya da motar a wani fili, ya karya hagu, ya karya dama, ya saurara. Ya ce zato na farko rulma ce, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Ya ɗaga motar da jak, ya wulwula tayoyin ɗaya ɗaya da hannu, ya girgiza su, ya kanga kunne. Babu komai. Ya kwanta ƙarƙashi ya duba sandunan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba, ya matsa robobinsu, duk lafiya, ba su tsage ba. Ya ce to watakila man akwatin giya ne ya tsufa. Aka tsiyaye, aka zuba sabo, aka koma fili. Gurrr, gurrr. Yini ya tafi, wani ya bi bayansa, ni ina zaune a kan tsohuwar kujerar mota a bakin garejin, na bar rumfata a rufe. Duk sanda waya ta yi ƙara a jakata sai in kasa dubawa.

Kowace safiya kafin in wuce gareji sai na biya Biafra. Inna ta sa an ɗaura mata kallabinta na fita, an ajiye takalmanta a gefen gado, takalman da ba za ta iya sawa ba.

"Dije, yau ne?"

"Gobe, Inna, in Allah Ya yarda."

"Jiya ma haka kika ce."

Da farko tana shan koko rabin kofi. Daga baya ta koma ruwa da cokali. Naman da aka soya don hanya ya fara canza wari, aka raba aka cinye. In na shigo tsakar gida, matan da ke hira a bakin famfo sai su yi tsit, kowace ta sunkuya kan bokitinta. Kawu kuwa ya daina fita kasuwa. Yana zaune a ƙofar yayarsa da casbi, in na wuce ya bi ni da ido kawai. Babanku ma da ba ya musu da ni, sai da ya ce, "Dije, ki tabbata fa." Na ce ban tabbata ba, shi ya sa ba na tafiya.

Rannan da hantsi Kone ya fito daga ƙarƙashin motar, ya zauna a ƙasa yana goge hannu, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo.

"Tanti, kafin ranar da kika fara jin ƙarar, me aka taɓa a motar nan?"

"Ba a taɓa komai ba. Tayoyi kawai aka sauya."

"Wuri ɗaya aka sayo su?"

Yaya Sani ya yi dariyar gajiya ya ce mutum huɗu, wuri huɗu. Kone bai yi dariya ba. Ya nemo alli ya ja layi a jikin kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa. Ya ce mu tura motar a miƙe. Muka tura, har da ni, gyalena a ɗaure a ƙugu. Da muka yi nisa ya ce mu tsaya, muka zagaya muna dubawa. Layuka uku sun sauko ƙasa kusan tare. Na huɗun yana can sama, bai iso ba. Tayar baya ce ta hannun dama, sabuwar, ta Kawu Mamman. Ban yarda da alli ba, na ciro awon atamfata daga jaka na zagaya kowace taya da shi. Ta Kawu ta ɗara sauran a fili, ko makaho ya shafa zai gane.

Kone ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a irin wannan mota tayoyi huɗun a haɗe suke ta cikin wani akwati da ke tsakiya, dole su yi tafiya tare. In ɗaya ta fi girma, takunta ya fi na sauran tsawo, sai haƙoran ƙarfen da ke cikin akwatin su yi ta ja-in-ja. A miƙaƙƙen titi suna daurewa, a kwana ne abin ke fitowa fili. Na tambaye shi ko za ta kai Nijar a haka.

"Tana iya kaiwa, Tanti. Tana kuma iya yin zafi ta ƙone akwatin a tsakiyar hanya. In ya ƙone, motar ba ta motsi sai an ɗauke ta."

"A nemo uku irin wannan mana, a haɗa."

"Girman ba na motarki ba ne. In na sa a gaba za su riƙa gugar jikin mota."

Ya aro wata ta gwanjo daidai da sauran ukun, ya ɗaura a madadinta, muka koma fili. Ya karya hagu har ƙarshe, ya karya dama har ƙarshe. Shiru. Na yi ta jiran gurnanin bai zo ba. Kamata ya yi in ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Da rulma ce, da ƙarfe ne, da an sauya an wuce wurin. Yaya Sani ya dafe kai ya ce mu tashi da ta Kawu a ɗaure, in mun fita gari mu sauya. Na ce da Kawu a kujerar gaba, ina za mu ɓoye? Ya ce to shi dai bakinsa ba zai iya faɗa wa Kawu ba. Na ce na sani, tun muna yara ni ake turawa.

A gidan Biafra babu wurin yin magana a asirce. Bayan la'asar na same shi a ƙofar Inna, na durƙusa har ƙasa, na sassauta murya iyakar iyawata, amma kafin in kai ƙarshe ko ƙarar turmi babu a tsakar gidan. Ya saurare ni bai katse ni ba.

"Na gwanjo uku sun yi daidai," in ji shi, "sabuwa ce ba ta yi ba?"

"Ba laifinta ba ne, Kawu. Ta fi sauran kyau. Girmanta ne ya fi ƙarfin motar."

"Duk kwanakin nan da kika cinye wa uwarki, don ki gano tawa ce mai aibu?"

"Kawu, mu ɗora ta a saman mota, ta je Madawa tare da mu."

"A goya ta? Cewa na yi ta taka, ban ce a goya ta ba."

Ya dubi matan da ke tsaye, ya dubi ƙofar yayarsa, sannan ya naɗe casbinsa ya sa a aljihu.

"Motarki ce. Cire. Ki cire ni tare da ita."

Na yi kuka, na kama ƙafarsa, babanku ya roƙe shi, limamin unguwa ya zo ya roƙe shi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya ba. Da gari ya waye, shi ya shiga ɗaki ya sunkuci Inna a hannunsa, ta zama ba nauyi, ya kai ta mota ya kwantar a katifa, ya gyara mata matashi. Ta riƙe bakin rigarsa.

"Mamman, ba ka shiga?"

"Ina bayanku, Yaya."

Ta dube shi, ta saki rigar. Ita ta raine shi, ta san muryarsa in yana faɗin abin da ba haka ba. Muka tashi da kujerar gaba babu kowa.

Har Kawu ya koma ga Allah yana cewa da an tashi ranar da ya sa, da yayarsa ta shiga Madawa da ranta. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma da a dajin Burkina muka haƙa mata. Ban sani ba, ku ma ba za ku sani ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, ku yi masa shiru kawai. Na yi shekaru ina jin haushinsa, yanzu tausayinsa nake ji, don ni na samu ƙarshenta, shi bai samu ba. Kada in ji ɗayanku ya ambace shi da mugun suna.

Yaya Sani ya tuƙa motar nan kamar ana binsa, yana son ya maido kwanakin da suka tafi. Sallah da shan mai kaɗai ke tsayar da mu. Ni ina baya, kan Inna a cinyata, ina jiƙa mata leɓe da tsumma. Duk kwanar da muka sha sai in daina numfashi in saurari ƙarƙashin mota, sannan in sunkuya in saurari ƙirjinta. Muka wuce Bouaké, muka wuce Bobo da Waga, muka ratsa dajin da nake tsoro, motar ba ta ce uffan ba. Tun daga Yamai Inna ta daina buɗe ido. Na kira ta ba ta amsa ba, na ce wa Yaya ya ƙara wuta, ya ce ƙafarsa na ƙasa.

A Dogon Dutsi muka tsaya sayen ruwa, da rana tsaka. Na buɗe taga don iska ta shigo. Wata mata mai fura tana zaune a gindin bishiya tana yi wa wani mai keke faɗa, wai ya tayar mata da ƙasa a kan ƙwarya, tana yi tana ƙarawa. Sai na ji yatsun Inna sun motsa a hannuna.

"Dije, wa ke magana?"

"Wata mai fura ce, Inna. Dogon Dutsi muke."

Ta kasa kunne, idonta a rufe.

"Hausa take yi."

"Hausa, Inna."

"Ba ta gauraya ta da komi ba."

Yaya Sani ya shigo da ruwa, ya ta da mota, ya fizge ta zuwa kan kwalta. Inna ta ɗaga hannu kaɗan daga kan katifa.

"Sani, rage gudu. Mun zo."

Ya rage. Kafin mu shiga Ƙonni ta cika, hannunta a cikin nawa. Na rufe mata ido, na ja zane na lulluɓe ta, sannan na faɗa wa Yaya. Ya yi salati, bai waiwayo ba, hawaye na zuba a gemunsa. Bai ƙara gudu ba har Madawa.